Ranar da Barau Ya Shayar da Albasarsa

A Gidan Tambaya, wani ƙauye da ke bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, idan mutum ya tafka wautar da ta wuce misali sai a ce masa, "Kai, yau ka yi ta Barau." Idan baƙo ya nemi bayani, har rige-rigen ba shi labari ake yi. Za a ce masa Barau shi ne dattijon da son ƙwallo ya juya wa kai, ya saki ruwan kanal a gonar albasarsa saura kwana biyu a cire ta. Sai a ƙyalƙyale da dariya. Masu dariyar nan da yawansu suna tsaye a kan gaɓar kanal a ranar da abin ya faru, kuma da sun san abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu da ba su sake buɗe baki ba.

Barau dogo ne siriri, dugadugansa duk faso saboda shiga ruwa. Yana yaro aka haƙa kanal ɗin, ya girma yana kallon yadda tsandaurin ubansa ya koma gonar shinkafa da tumatir. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da makullin ƙofar ruwan da ke shayar da gonakin ƙauyen: shi ke buɗewa ran da rabonsu ya zo, shi ke rufewa. Kanal ɗin da ƙasa aka gina shi, an ɗaga shi sama da gonaki kamar tsayin katangar gida, gaɓa ta wannan gefe, gaɓa ta wancan, ruwa a tsakiya. In ya cika, babban mutum ma yana nutsewa.

Ya san ruwa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Yakan ce wa manoma, in ka ga ruwa yana tsattsafowa a gindin gaɓa garai-garai, je ka ci abincinka, gumi ne kawai. In ka ga ya fito da launin laka, to gaɓar ce ke narkewa ta ciki, ka ajiye abincin. Abin da ya tsana a duniya shi ne mai fasa gaɓa da fartanya don ya ja ruwa gonarsa da sauri. Duk wanda ya kama sai ya ƙwace fartanyar, ba roƙo ba magiya. Zauren gidansa har yau akwai tulinsu, wasu masu su sun mutu ba su karɓa ba.

Abu na biyu a rayuwarsa ƙwallo ne. Ba wai ya iya ba. Sau ɗaya ya taɓa bugawa a samartaka, ya doki kututture ya karya ɗan yatsa. Amma da samarin ƙauye suka rasa wurin wasa, shi ya yanka musu wani fegi daga gadon ubansa, can gindin gaɓar kanal ta yamma. A nan aka kafa ƙungiyar Kadojin Kanal. Shi ke zana layin fili da tokar buntun shinkafa, shi ke ɗinke raga, shi ke korar awaki. Matarsa Safara'u takan ce da ƙwallo na cin tuwo da tuni ta saba zuba kwano uku. Shekara da shekaru Kadoji suna ƙaramin rukuni, suna karawa da ƙauyukan maƙwabta, sai a waccan bazarar suka wayi gari saura wasa ɗaya su haye babban rukunin gasar jiha. Da wata ƙungiya ta birni za su kara, kuma a gida.

Ran Talata masu duba fili suka zo daga Kano. Suka taka, suka ƙwanƙwasa da dunduniya, suka ce filin ya yi tauri kamar daɓen siminti. In ba a tausasa shi kafin Asabar ba, za a mayar da wasan birni. Motarsu ba ta gama ɓacewa ba Baballe ya iso wurin Barau. Baballe shi ne shugaban ƙungiyar, mai injin casar shinkafa a bakin titi, mutum mai gaggawa a komai har da salla.

"Baba Barau, ka ji abin da suka ce. Ruwa muke so, kuma yau."

"Sai mu jera tiyo daga kanal, Ciyaman."

"Tiyo? Fili guda? Sati biyu ba ta jiƙa shi ba. Ga ruwa nan a saman kanmu, taku goma. Ka san abin da za a yi, Baba, kai dai ba ka son faɗa ne."

Barau ya sani. Mutanen wannan yanki hanya ɗaya suka sani ta ba ƙasa ruwa: a sakar mata shi ya kwanta, ta sha ta ƙoshi, kamar kwamin shinkafa. Da wani gari ne da an nemo tanka an yayyafa, amma a Gidan Tambaya ko a ran mutum ɗaya wannan bai zo ba. Barau ya juya yana kallon filin da ya yi shekara ashirin yana sharewa. Ya tuna cewa in aka kai wasan birni, tsofaffin ƙauye ba za su gani ba. Da hantsi ran Laraba ya shiga zaurensa, ya zaɓi fartanya ɗaya daga cikin waɗanda ya ƙwace, ya je ya fasa gaɓar da hannunsa.

Ruwa ya malale filin, ya kwanta har sawu. Da yamma ya toshe fashin da buhunan ƙasa, ya bi da jar ƙasa ya daddaɓe, ya share har ba ka gane wurin. Amma shi ya san sabon toshi ba ya kama jiki sai ya yi makonni. Da ya koma gida Safara'u ta dubi fartanyar, ta dubi lakar da ke ƙafarsa.

"Malam, kai da kanka?"

"Na toshe. Zai riƙe ruwa."

"To, Allah ya sa," in ji ta, ta ajiye masa tuwo.

Lissafinsa bai yi kuskure ba a kan ruwa. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne mutane. A iya saninsa, 'yan kallon Kadoji ba sa wuce waɗanda za su zagaye fili sahu biyu, gaɓa kuwa sai awaki ke hawa. Don haka da Asabar ta zo, ranar rabon ruwan ƙauye, masu tumatir na can ƙasa suna jira shukarsu ta fara langaɓewa, ya hau kekensa bayan asuba ya yi tafiyar nan mai nisa zuwa ƙofar ruwa, ya buɗe ta kamar kullum. Kafin azahar kanal ya cika har baki.

Tun da hantsi baƙi suka fara shigowa. Aka ga babura daga Bunkure, uku-uku a kan kowane. Aka ga adaidaita sahu daga Kura da Madobi, wasu har daga Kumbotso, an cusa mutane kamar buhunan albasa. Motocin ɗaukar tumatir suka zo da samari tsaye a baya suna kaɗa ganga. Injinan casa suka yi shiru, masu shayi suka kwaso teburansu zuwa bakin fili. Tsofaffin da suka ga haƙar kanal sun rantse ba su taɓa ganin taro irin wannan a ƙauyen ba, ko a ranar idi. Hanya ɗayar da ke shiga gari ta toshe, ko keke ba ya wucewa.

Barau yana cikin fili yana gyara layi da toka, farin ciki ya cika shi har yana 'yar waƙa. Filin ya yi laushi, masu dubawa sun yaba. Sai da ya ɗago kai bayan la'asar, 'yan wasa na shigowa, sannan ya ga gaɓar. Bakin fili ya cika ba masaka tsinke, don haka jama'a suka haye gaɓar kanal, inda ake ganin wasa daga sama. Sun cika samanta, sun cika gangarenta, maza da yara da mata masu talla, wasu a zaune wasu a tsaye, bayansu ga ruwa cike taf.

Alƙalin wasa ya busa usur. Barau bai ga bugun farko ba. Ya bi ta bayan raga yana kutsawa, ana ture shi ana zaginsa, har ya kai gindin gaɓa daidai inda ya fasa. Ya durƙusa tsakanin ƙafafun mutane ya duba. Ruwa na tsattsafowa, siriri kamar igiya, yana bin ƙarƙashin takalma. Ya tara tafin hannunsa ya ɗebo. Ja ne, da laka a ciki.

Ya ɗaga kai sama. A daidai saman toshin, mata masu talla sun shimfiɗa tabarmi, domin duk gaɓar ta ɗau zafin rana sai nan ne kaɗai ƙasa ke da sanyi. A tsakiyarsu ga 'yarsa Bashira, wadda ke aure a ƙauyen, da kular kunun ayarta a gaba, da goyon jaririyarta Hajara a baya.

"Bashira! Ki sauko! Ki bar wurin nan!"

Ganguna da ihu suka haɗiye muryarsa. Ya yi ƙoƙarin hawa, amma gangaren a cushe yake, wani ƙato ya ce masa, "Baba, ka makara, nemi wani wurin." Ya ci gaba da ɗaga hannu har Bashira ta hango shi. Ta yi murmushi, ta zaci ƙishirwa yake ji, ta zaro gorar kunu mai sanyi ta jefo masa ta saman kawunan mutane. Gorar ta faɗi a cikin jan ruwan nan, kusa da ƙafarsa.

Ya juya ya nemi Baballe. Ya same shi a ƙarƙashin rumfar manyan baƙi, ya ja shi gefe da hannun riga.

"Ciyaman, a tsayar da wasan nan. Toshin yana zubar da laka. Gaɓar za ta tafi da mutane."

Baballe ya dubi gaɓar, ya dubi baƙin da ke rumfa, ya sassauta murya. "Baba, ka san abin da kake faɗa? In aka tsayar, an ba 'yan birni wasa, a rufe filin nan har abada. Kuma in ka ce wa dubban mutanen nan gaɓa za ta fashe, ina za su gudu? Rabinsu cikin kanal za su faɗa. Minti tasa'in ne kawai. Ka yi addu'a."

Ya fizge hannunsa ya koma kujera. Abin haushin shi ne, rabin maganarsa gaskiya ce. Kalma ɗaya ta isa ta sa mutane su tattake juna. Ƙofar ruwa kuwa tana da nisa, hanya a toshe, kuma ko ya rufe ta yanzu, ruwan da ke cikin kanal sai ya yi awanni kafin ya janye. Dole a rage wa toshin nauyi yanzu, a sama wa ruwan wata hanya kafin ya iso nan. Barau ya san kowane taku na kanal ɗin, kuma ya san wuri ɗaya ne tak za a iya fasawa ba a cuci kowa ba: gaɓar gabas, sama da filin kaɗan, inda gona ɗaya ce tsakanin kanal da kwarin da ke kwashe ruwa zuwa rafi. Gonarsa ce.

Albasa ce a ciki, kadada guda, ta nuna ta kwantar da ganye. Sati biyu ke nan da ya yanke mata ruwa don ta bushe, ran Litinin za a cire. Duk wanda ya taɓa noman albasa ya san in ruwa ya kwanta mata a wannan gaɓar, ruɓewa za ta yi a ƙasa. Ita ce abincin gidansa na shekara.

Ya bar filin da gudu, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, ya bi ta gonakin mutane, ya haye gadar katako zuwa gefen gabas. Ya ɗauko diga a bukkarsa. Daga nan yana hango gaɓar yamma, baƙi ƙirin da mutane, kamar tururuwa a bakin kwano. Ya yi bismilla ya kai sara.

Tsohuwar gaɓa ce, ta yi shekara hamsin tana kama jiki, ba ta ba da kai da sauƙi. Yana sara yana haki, gumi na shiga masa ido. Kowane ɗan lokaci sai ihu ya taso daga fili, wato Kadoji sun kai hari, sai ya ƙara saurin sara. Ya san halin mutanensa. In aka zura ƙwallo, duk wanda ke kan gaɓar nan sai ya yi tsalle, dubban ƙafafu a lokaci ɗaya a kan buhunan da ya jera da hannunsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana roƙon Allah ya ba Kadoji irin wannan rana, sai ga shi yana sara yana cewa, "Ya Allah, kada su ci. Ya Allah, ba yanzu ba." Yana faɗa hawaye na zubo masa, don ji yake kamar yana yi wa ɗan cikinsa baki.

Ruwa ya fara leƙowa ta bakin saran, sannan ya ture sauran da kansa. Ya yi awon gaba da Barau, ya maka shi cikin kwamin albasa, diga ta tafi. Ya miƙe da ƙyar, ruwa har cinya, ya ga kawunan albasarsa suna nutsewa layi bayan layi. Bai tsaya kallonsu ba. Ya rarrafa ya koma kan gada, ya kwanta rub da ciki yana duban ginshiƙin katako, inda jiƙar ruwa ke nuna iyakar da ya kai.

Yatsa ɗaya ya ragu. Aka tafi hutun rabin lokaci, ba wanda ya ci, ba kuma wanda ya sauka daga gaɓa don tsoron a gaje masa wuri. Yatsa huɗu. Aka dawo. Wani ihu ya tashi, Barau ya runtse ido, sai ihun ya mutu da "Kash!", ashe ƙwallon ta daki turke. Ya ce alhamdulillahi. Taƙi ɗaya. Rana ta yi ƙasa, inuwar mutanen da ke kan gaɓa ta miƙe a kan ruwan. Kamu ɗaya, sannan kamu biyu, har laka ta fara bayyana a gefen kanal.

Saura kaɗan a tashi ƙasa ta girgiza. Wannan ihun daban ne, har tsuntsayen da ke gonakin shinkafa suka tashi gaba ɗaya. Barau ya miƙe tsaye a kan gada. Ya ga gaɓar yamma tana tsalle, huluna a sama, ƙura ta turnuƙe. Ya kafa kunne yana jiran lokacin da ihun murna zai juye ya zama kururuwa. Ya jira. Ƙurar ta lafa, mutanen suna nan a inda suke. Sai ya zauna a kan katako ya rufe fuska da hannuwa.

Kadoji sun ci ɗaya da nema, sun haye. Aka ɗauki 'yan wasa a kafaɗa aka zagaya gari. Masu tumatir, da suka ga ruwa ya yanke musu a ranar rabonsu, suka biyo kanal suna neman dalili, suka tarar da mai ƙofar ruwa zaune a jiƙe, gaɓa a fashe, gonarsa ta zama tafki. Suka tambaye shi. Ya buɗe baki, sai ya tuna cewa in maganar toshin ta fita za a rufe filin, a soke nasarar, samarin nan su tashi a banza. Ya ce, "Kuskure na yi." Wani ya ce ai zumuɗin wasa ne ya ruɗa shi, ya ɗauka albasar na jin ƙishirwa. Aka yi dariya, labarin ya zauna a haka.

Bayan kwana uku ƙungiyar manoma ta karɓi makullin, ya miƙa ba musu. Baballe yana wurin, ya sunkuyar da kai yana latsa waya, kuma tun daga ranar in ya hango Barau sai ya canza hanya. Albasar ta ruɓe, warinta ya yi sati yana dukan masu wucewa. Safara'u ba ta taɓa tambayarsa ba. Ta dai ɗauki fartanyar nan ta ran Laraba ta sa a murhu.

Amma kafin duk wannan, da sassafen Lahadi, Barau ya je wurin toshin shi kaɗai da shebur. Sara biyu ya yi saman ya rufta. A ƙarƙashi ruwa ya cinye ƙasar, ya bar rami wanda babban mutum zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa, buhunan sun zame sun karkace. Abin da ya rage tsakanin ramin da tabarmin mata bai kai kaurin tafin hannu biyu ba. Ya yi wannan bazarar gaba ɗaya yana cikewa yana daɓewa, kwando bayan kwando, masu wucewa suna cewa tsoho ya rasa makulli ya koma wasa da ƙasa.

A ranar Lahadin ce da rana Bashira ta zo gida yi masa jajen albasa. Ta kwance Hajara ta ɗora masa a cinya, tana ta ba shi labarin ƙwallon da bai gani ba, yadda aka bugo kusurwa, yadda aka sa mata kai.

"Baba, da ka hau wurinmu da ka more. Wallahi duk filin ba inda ya kai shi daɗi. Ga sanyi, ga laushi. Da aka ci ƙwallon nan muka yi tsalle, ƙasar har lotsawa take tana dawowa, kamar katifa. Hajara ma sai dariya take."

Barau ya rungume jaririyar a ƙirjinsa, ya matse ta sosai har ta fara kuka, Bashira ta ce, "Baba, a hankali mana, za ka ji mata ciwo."